Darasi na Tara: Shin Kifi Nama Ne, Kuma Zai Iya Ƙarewa?

A gidaje da yawa, idan aka tambayi uwargida ko an sa nama a miya, sai ta ce a'a, kifi ne kawai. Amma ta fuskar gina jiki, tarwaɗa da karfasa suna yi wa yaro aikin da tsokar rago take yi masa, kuma sun fi ta sauƙin kuɗi a yawancin kasuwanni. Alƙur'ani mai girma, a Suratun Nahli aya ta 14, ya kira abin da ake ci daga teku nama sabo. Saboda haka malaman Malikiyya suka ce wanda ya rantse ba zai ci nama ba, sannan ya ci kifi, to rantsuwarsa ta karye, su kuwa Hanafiyya suka bi al'adar mutane, suka ce ba ta karye ba. Kifi dai ba ya bukatar yanka. Mabiya ɗariƙar Katolika ma suna barin nama ranakun Juma'a na azuminsu, amma suna cin kifi.

Tun da nama ne, ya kamata a tattala shi kamar dabba. Babu makiyayin da zai yanka saniya mai ciki ya haɗa da maruƙa, amma abin da ake yi wa ruwa ke nan. Kifi yana hayayyafa da damina, lokacin da kogi ya cika ya malala cikin fadamu. Masuncin da ya ja taru mai ƙananan idanu a wannan lokaci, ko ya yi su da gidan sauro, yana kwashe uwa mai ƙwai tare da 'ya'yan da ba su kai tsawon yatsa ba. Mafi muni shi ne zuba guba irin maganin ƙwari na Gamalin, domin tana kashe duk abin da ke cikin ruwan, ta kuma cutar da mai ci.

Ruwan kansa yana raguwa. A 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, amma fari na shekarun 1970 da 1980 ya janye mafi yawansa, alhali masu neman abinci a cikinsa ƙaruwa suka yi.

Kakanninmu sun san maganin wannan. A Argungu, inda aka fara bikin kamun kifi a 1934, ana hana kamun kifi a kogin Matan Fada har sai lokacin biki ya zo, shi ya sa ake fito da giwan ruwa da mutum ɗaya zai sha wuyar ɗauka. Hutun da aka ba ruwa ne ya girmar da shi.

Aiki: Ku je wurin Sarkin Ruwa ko wani dattijon masunci na garinku, ku tambaye shi irin kifayen da ake kamawa a da waɗanda yanzu suka yi wuya. Ku rubuta sunayensu a littafinku, tare da watannin da ya ce ya dace a dakatar da kamun kifi, ku kawo aji mako mai zuwa.