Idan Gari Ya Rikice: Abin da Mai Shago Zai Yi Kafin Hayaƙi Ya Iso Layinsa

Ina yaron shago aka yi rikicin Oktoban 1991 a Kano, lokacin da aka ce mai wa'azin nan ɗan Jamus, Reinhard Bonnke, zai zo gari. Ina da ɗan teburina na kaina a Mayun 2004 da wutar rikicin Yelwan Shendam ta jihar Filato ta iso nan. Na ga na bayan zaɓen Afrilun 2011, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ya ci rayuka sama da 800 a jihohin Arewa 12. Na kuma ga na ranar Alhamis 1 ga Agustan 2024, ranar da wani yaro da bai fi shekara goma sha uku ba ya wuce ta gabana da kujerar ofis a ka, yana tafe yana murmushi kamar wanda aka aika. Kayan masarufi nake sayarwa, wato irin kayan da ake fara nufa idan gari ya rikice: shinkafa, taliya, man gyaɗa, sukari. Sau ɗaya aka taɓa fasa mini shago, a 2011, kuma sakacina ne ya jawo. Abin da zan faɗa a nan daga wannan asarar na koye shi.

Tarzoma ba ta faɗowa kamar tsawa. Ta 2024 ma har sanarwa aka yi mata: masu shirya zanga-zangar tsadar rayuwa sun faɗi rana, sun ce kwana goma za a yi daga 1 ga wata. Ta 2011 kowa ya san an yi zaɓe ranar Asabar, ana jiran sakamako, zukata sun yi zafi. Duk da haka na bar shago cike da kaya saboda na sauke mota a makon, ina cewa ai unguwarmu ba a taɓa yi ba. To aka yi.

Saboda haka da zarar ka ji ana kiran rana, ka daina sari. Sayar da abin da ke ƙasa, ka bar kantoci su yi sauƙi. Kaya masu tsada marasa nauyi, irin su madarar gwangwani, katan ɗin magi da jarkokin mai, ka raba su gida biyu ko uku: wasu gidanka, wasu gidan ɗan'uwa a wata unguwa. Kada ka kwashe da rana tsaka a a-kori-kura kowa yana kallo, don ka nuna wa mutane inda kayan suka koma ke nan. Kaɗan-kaɗan a Adaidaita Sahu, kwana biyu ko uku, ya fi. Kuɗin ciniki a kai banki, a bar abin cefanen mako guda a hannu, domin ranar da aka sa dokar hana fita mai POS ma yana gidansa. Littafin bashi kuwa ya kwana a gida. A 2011 buhunan da aka ɗebe ba su ƙona mini rai kamar littafin bashin da aka yayyaga ba, don har yau akwai kuɗin da ban san a hannun wa suke ba. Ka ɗauki hoton kantocinka da rasit ɗin sari a waya, ka tura wa wani amintacce.

Batun ƙofa ba zan tsawaita ba. Ƙofar ƙarfe da kwaɗo biyu da rodi a gicciye suna korar yara uku ko huɗu masu neman sauƙi. Ba sa tsayar da mutum ɗari biyu. Wanda ya ce maka walda ce za ta cece ka, aikin walda yake nema.

Abin da ke tsayar da mutum ɗari biyu shi ne maƙwabta, kuma a nan nake so a saurare ni da kyau. Masu wawaso galibi ba sa fasa shagon layinsu, saboda an san iyayensu. Wata unguwa suke tsallakawa. Idan suka shigo layi suka tarar da dattawa bakwai ko takwas zaune a kan benci a bakin layin, liman yana ciki, matasan unguwa suna tsaye a bayansu hannu babu komai, yawanci gaba suke yi, su nemi inda babu ido. Haka muka yi a 2024. Daren Talata muka je wajen mai unguwa mu biyar, masu shaguna, muka ce, “Ranka ya daɗe, jibi fa ba mu san abin da za ta haifa ba.” Ya kira shugaban 'yan sintiri da liman, aka zauna bayan Isha'i. Aka yanke cewa babu mai ɗauko adda ko gora zuwa bakin layi, babu mai jifa, babu mai bin kowa. Aka rarraba wa zai zauna a wace kusurwa, aka karɓi lambar DPO, aka kuma ce duk wanda ya ga abu ya kira mai unguwa tukuna, kada ya hau WhatsApp yana shela.

Dalilin hana makami shi ne, da zarar an ga adda a hannun yaranku, jami'in tsaron da ya iso ba zai bambance mai tsaron layi da mai fasa shago ba. Kuma adda tana kiran adda.

A wannan zaman ne kuma za a tuna da baƙon da ke cikinku. A layinmu akwai mai sayar da magani, Ibo ne, ya fi shekara ashirin tare da mu, 'ya'yansa sun fi nawa iya zagi da Hausa. A 2011 a gidan maƙwabcina suka kwana uku shi da iyalinsa. Kada ka jira sai an fara gudu sannan ka ce masa ya zo. Ka same shi tun kafin ranar ka ce, “Maƙwabci, in ka ji ba daidai ba, ƙofar baya a buɗe take, kada ka tsaya sallama.” Zanga-zangar 2024 ba ta addini ko ƙabila ba ce, amma mu da muka ga 1991 da 2004 mun san wuta ba ta tambayar abin da aka kunna ta dominsa.

A gida kuma a tanadi abincin kwana huɗu ko biyar, da gawayi ko gas, da ruwa, don 'yan garuwa ma ba sa fitowa. Mai hawan jini ko ciwon suga a sayo masa maganinsa. Idan akwai mai ciki da ta kusa, a san tun yanzu motar wa za a ɗauka, katin asibitinta ya zauna a kusa, shi ne za a nuna a shingen jami'an tsaro. A cika waya da caji.

Ranar kanta, dokata ɗaya ce: ka rufe tun kana jin kunyar rufewa. Idan ka jira har ka ga hayaƙin taya da idonka, ka makara, domin lokacin kowa ke gudu, kai kuma kana kokawa da kwaɗo. Cinikin awa biyu bai kai ran yaron shagonka ba. Sallami yaran da wuri, ka ba su kuɗin mota, ka kira ka tabbatar kowa ya isa gida. Kada ka ce wa yaro ya kwana a ciki yana gadi. In aka cinna wa shagon wuta, ƙofar ƙarfen da ka yi alfahari da ita ce za ta hana shi fita.

In kuma sun riga sun iso ƙofarka suna dukan kwaɗo, ja da baya. Na san yadda zuciya take yi, na tsaya na kalli gumina na shekara bakwai yana tafiya a kan mutane. Amma na san wanda ya tsaya ya hana, yau hannunsa ɗaya ba ya aiki. Ka riƙe fuskokin da ka gane a ranka, ka bar maganar sai ƙura ta lafa.

Sai 'ya'yanka. Da yawa daga cikin yaran da abin ya rutsa da su a 2024 ba da niyyar sata suka fita ba, kallo suka je. Ganin ƙwaf. Wasu aka miƙa musu tutar Rasha suka ɗaga ba su san ma'anarta ba, har telan da ke ɗinka tutocin aka kama a Kano. Kowa ya ga abin da ya biyo baya ranar 1 ga Nuwamban 2024, da aka gurfanar da ƙananan yara a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja bayan kusan wata uku a tsare, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, sai da ƙasa ta ɗauki surutu sannan Shugaba Tinubu ya ce a sake su. Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a zanga-zangar, 'yan sanda suka musanta. Ko wanne ne ya fi gaskiya, harsashi ba ya tambayar wanda ya zo kallo. Ni a ranar 1 ga Agustan na kulle ƙofar gida na sa mabuɗin a aljihu, babban ɗana ya yi ta kumbure-kumbure har dare, na bar shi ya kumbura.

Kada a ce ina zagin masu zanga-zanga. Yunwar gaskiya ce, ni da ke bayan kanta na fi kowa sani. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 na ga magidanta masu sayen kwano biyu sun koma sayen gwangwani biyu. Mutum yana da 'yancin fita ya faɗi damuwarsa. Amma wanda ya fita da kwali daban, wanda ya bi bayansa da guduma daban.

In tsautsayi ya sa tarzoma ta same ka a hanya, bar babban titi ka shiga lungu, kada ka yi gudu a gaban jami'an tsaro, kada ka ɗaga waya kana ɗaukar su. In aka harba barkonon tsohuwa, nufi inda iska ke fitowa, kada ka murza ido, wanke da ruwa mai tsabta da yawa, in ka isa gida ka cire kayan jikinka a wanke. Masu cewa a shafa kananzir a fuska, ku rabu da su.

Waya ma tarzoma ce mai zaman kanta. A ranar 1 ga Agustan 2024 ɗin an turo mini bidiyon wata kasuwa tana ci da wuta wai yanzu-yanzu, da na duba sai na ga tsohuwar gobara ce ta shekarun baya. Kafin ka tura abu, kira mutum ɗaya da ke zaune a wurin da aka ambata. Saƙon murya mai farawa da “jama'a ku yaɗa” kuwa, musamman mai cewa ana kashe 'yan'uwanmu a wani gari, ya mutu a wayarka. Irin wannan labarin ne, tun ba a san WhatsApp ba, yake tayar da ramuwar gayya. Kunna rediyo ka ji sanarwar hukuma. Da yammacin Alhamis ɗin Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa dokar hana fita ta awa 24, washegari aka sassauta na 'yan awoyi don sallar Juma'a. Irin wannan tazarar ta cefane ce da duba shago, ba ta zaman majalisa ba.

Yanzu ga maganar da ta fi yi mini ciwo, wato “ganima”. Haka masu wawaso suke kiran dukiyar da suka ɗebe. Haka aka kira ta a Oktoban 2020 da aka fasa rumbunan tallafin korona a Bukuru da Yola da Jalingo, haka aka kira ta a 2024 da aka wawushe cibiyar fasahar zamani ta hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, a Kano, wadda saura mako guda a buɗe ta don koya wa matasanmu aikin kwamfuta. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san ganima hukuncin yaƙi ce, shugaba ke raba ta, a fitar da humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar, kamar yadda ya zo a Suratul Anfal. Abin da aka fizga daga shagon Musulmi ko na Kirista maƙwabci, ko daga ofishin gwamnati, sunansa ƙwace, kuma Annabi (SAW) ya hana wawaso. Masu cewa ai kayan gwamnati namu ne, to na mutum miliyan nawa ne, kai kaɗai ka kai ɗakinka?

Idan ɗanka ya shigo da kaya, kada a dafa, kada a ɓoye a ƙarƙashin gado, kada kuma a jefar a kwata cikin dare. Ɗauki kayan da yaron ku tafi wajen mai unguwa, shi ya san yadda zai miƙa wa mai shi ko 'yan sanda, kuma zai zame maka shaida cewa da ƙafarka ka kawo. Ka gaggauta, don bayan kowace tarzoma ana bi gida-gida. A Adamawa a 2020 awa 12 kacal Gwamna Fintiri ya bayar a mayar da kaya kafin a fara bincike. Wata dattijuwa a bayan layinmu ta tasa jikanta gaba da katan ɗin taliya a kansa, tana cewa, “Wallahi ba a tukunyata ba, ɗan nan.” Mai unguwa ya karɓa, ya rubuta, magana ta mutu a nan.

Mu 'yan kasuwa kuma namu laifin ya fi na yaran. Kwana biyu bayan tarzoma za a zo maka da buhun shinkafa a rabin kuɗi, ko jarkar mai, ko janareta, a ce na wani ne da ke neman kuɗin asibiti. Ka san ƙarya ne, shi ma ya san ka sani. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar Penal Code, ana ɗaure mutum a kansa, kuma yaron da aka kama sunan mai saye yake fara faɗa. A 2011 na tarar da katan ɗina, da alamar jan biro da nake yi wa kayana, a shagon mutumin da muke sahu ɗaya a masallaci. Ban kai shi ƙara ba. Ya biya ni a gaban liman, amma har ya bar unguwar bai ƙara haɗa ido da ni ba.

Ranar da aka buɗe gari, kafin ka taɓa tsintsiya ka ɗauki hoton ɓarnar, ka lissafa abin da aka ɗauka ka haɗa da rasit, ka kai rahoto ofishin 'yan sanda da ƙungiyar 'yan kasuwarku, don in an ƙwato kaya mai takarda ake fara kira. Je wajen dilan da ke ba ka kaya bashi da ƙafarka kafin ya neme ka, ka gaya masa gaskiyar abin da ya rage. Nawa a 2011 ya ɗaga mini ƙafa wata huɗu, ya kuma ƙara mini buhu goma in tayar da shago.

In kai Allah ya tsare naka, kada ka ƙara ko sisi a kan farashin da kake sayarwa kafin rikici don ka ga mutane sun fito a yunwace. Waɗanda ke layi a gabanka su ne suka zauna a kan bencin nan. Ni ranar Juma'ar da aka sassauta doka, awa uku na buɗe, kuma kusan rabin abin da ya fita a littafin bashi na rubuta shi. Mutum biyu ne kawai har yanzu ba su biya ba, ɗaya ma ya rasu, na soke nasa.