Yadda za ka biya kuɗin kaya da kanka a na'urar kantunan Ingila

Ƴan uwa masu zuwa karatu Ingila, ranar da ka fara shiga Tesco ko Sainsbury's za ka tarar kashiya ɗaya ko biyu ne kawai a zaune, sauran duk na'ura ce, kai ne mai saye kuma kai ne mai lissafi. Na taɓa ganin wata baiwar Allah ta ajiye kwandonta ta fice don na'ura ta yi ta mata surutu mutane na kallonta, wallahi abin ya tsaya min a rai.

To ga abin da ba a faɗa maka: wajen nan da ake ɗora kaya bayan an haska su sikeli ne. Na'urar ta san nauyin kowane abu, idan ka haska madara jira take ta ji nauyin madara ya sauka, shi ya sa idan ka riƙe a hannu, ko ka ɗora wayarka a wurin, ko yaro ya jingina, sai ta tsaya cak ta kunna fitila. Don haka in ka zo da jakarka fara danna inda ake cewa jakata ce, ka ɗora ta babu komai ciki, sannan ka rinƙa haska lambar nan mai zane-zane a jikin kaya ɗaya bayan ɗaya, haska ajiye, haska ajiye, kar ka haɗa biyu. Jakar ma ka rinƙa zuwa da ita, tun 2015 sayar da leda ake yi.

Ayaba, albasa da sauran na tsinta da ba su da lamba, ɗora su kan gilashin ka nemo hotonsu a allo, ita za ta auna.

Farasitamol ko wuƙar kicin kuwa dole sai ma'aikaci ya zo ya amince, ba laifi ka yi ba, ɗaga hannu kawai. Kafin ka biya haska katinka na rangwame, wato Clubcard na Tesco ko Nectar na Sainsbury's, don farashin wasu kayan ya bambanta sosai, kuma duba saman na'urar tun kafin ka fara saboda wasu katin banki kawai suke karɓa banda tsaba.

Karɓi rasit dan Allah, a wasu rassan sai ka haska shi ƙofar fita ke buɗewa. In kuma amalanken cike yake da cefanen wata guda, ni dai layin kashiya nake bi, ya fi sauri.