Darasi Na Bakwai: Hawan Jini Tun Kafin Furfura

Ana yawan cewa hawan jini ciwon tsofaffi ne, ko na mai yawan tunani. Amma ana samun ɗan shekara 25 da shi, wani lokaci har yaro ɗan firamare. Galibi ba ya sa ciwon kai, ba ya sa jiri. Awo kaɗai ke tona shi.

Idan an ɗaura maka na'urar awo a dantse, lamba biyu take bayarwa. Ta sama, ƙarfin jini ne sa'ad da zuciya ta matse ta turo shi. Ta ƙasa, ƙarfinsa ne sa'ad da ta saki. A faɗar Hukumar Lafiya ta Duniya, idan awo ya kai 140 bisa 90 ko fiye, a ranaku biyu daban-daban, to hawan jini ne.

Ka san tiyon ban ruwa a fadama. In ka danne bakinsa da yatsa, ruwa zai fito da ƙarfi. Haka jijiyoyin jini suke: in sun tsuke, jini ya hau.

Me ke tsuke su? Akwai jijiyoyin saƙo da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa ta cikin laka. Idan kare ya biyo ka, su ne ke sa gabanka ya faɗi, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, hanyoyin jini su matse. Wannan taimako ne, don ka iya gudu, kuma da tsoro ya wuce komai zai lafa. A jikin wasu matasa kuwa ba ya lafawa. Rashin barci na jawo haka, da ƙiba, da sigari. Haka kuma minshari mai ƙarfi, irin wanda numfashi ke yankewa cikin dare, mutum ya farka a firgice. Matarsa ko abokin ɗakinsa kan riga shi sani.

Wani lokaci laifin na hanyar jinin ce kanta. Ana haihuwar wasu da tsukewa a babbar jijiyar da ta fito daga zuciya. Awonsu na hannu yana sama, ƙafafunsu kuwa ba sa samun isasshen jini. Wasu jijiyar da ke kai wa ƙoda jini ce ta tsuke. Sai ƙoda ta ɗauka jini ya yi ƙaranci a jiki, ta riƙe gishiri da ruwa, jini ya ƙara hawa. Shi ya sa matashi mai hawan jini bai kamata ya tsaya a kemis ba. Ya je asibiti a auna fitsarinsa da ƙodarsa, don wasu dalilan ana iya gyara su. Ya kuma gaya wa likita gaskiya idan yana shan maganin ƙiba irin sha-ka-fashe, ko yana yawan haɗiyar magungunan kashe ciwo irin su diclofenac da ibuprofen, don su ma suna ɗaga jini.

Sai gado. Idan uwa ko uba na da hawan jini, 'ya'ya sun fi kusa da kamuwa, in duka biyun ne abin ya fi. Akwai ciwon ƙoda mai ƙuraje cike da ruwa da ke kawo hawan jini, wanda in ɗaya daga cikin iyaye na da shi, kowane ɗa rabi da rabi ne: ko ya gada, ko ya tsira. Mu baƙar fata kuma da yawanmu gishiri ya fi saurin ɗaga mana jini. Abin da aka yarje wa baligi bai kai giram 5 a rana ba, wato ƙasa da ƙaramin cokali guda. A lissafa har da dunƙulen miya da kanwa, ba wanda aka barbaɗa kaɗai ba.

Aikin wannan mako: ka tambayi manya a gida, wa ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, wa ya yi ciwon ƙoda, wace ce ta yi jijjiga wajen haihuwa. Sannan ka je awo. Kada ka ci goro ko ka sha sigari rabin awa kafin nan. Ka zauna minti 5 ka huta. Da hannunka za ka rubuta lambobin biyu da kwanan wata a littafinka, ka zo da shi aji.