Yadda za ki fara saƙa da kwarashi kina jinyar karaya

Tunda na koyi saƙa lokacin da na karye a ƙafa, 'yan uwa ke ta tambayata ta ina ake farawa. To, ga shi:

1. Ki aika a sayo miki kwarashi mai milimita 5.
2. A haɗo da zaren ulu mai kauri, mai haske. Baƙi wahala ne, ba a ganin idon saƙar.
3. Ki ɗora ƙafar a kan matashi.
4. Ki ƙulla zarge a bakin kwarashin.
5. Ki yi sarƙa 20, wato ki naɗa zaren a kwarashin ki jawo shi ta cikin zargen, ki maimaita har sau 20.

Hattara: kada ki matse zaren! Nan kowa ke kuskure, kwarashi ya ƙi shiga a layi na biyu.

6. Ki warware, ki sake. Ni sai da na yi kwana 3 a nan.
7. Duk minti 20 ki ajiye, ki miƙe yatsu.