Kada amsa ta riga tambaya fitowa a allo

Makon jiya ƙanen wani abokina ya same ni a gida nan Runjin Sambo, saura kwana goma ya tashi zuwa Ingila karatun digiri na biyu. Tambayarsa duk a kan rigar sanyi ce da kuɗin haya. Na amsa masa, sannan na ce ya ɗauko kwamfutarsa, don akwai abin da ba wanda ya gaya mini lokacin da na tafi.

Ku sababbin zuwa, ba za ku daɗe ba malami zai tsayar da ku gaban aji ku gabatar da aiki da majigi. Can ba sa son a tsaya ana karanta musu abin da ke allo. So suke ka jefa tambaya, su ɗan tauna ta, sannan amsa ta fito.

Da tarihin gida na gwada masa a PowerPoint, manhajar shirya abin da za a nuna da majigi. Muka rubuta: a wace shekara Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu? A wani akwatin rubutu daban muka sa 1804. Raba su ɗin nan shi ne tushen aikin. Ka zaɓi akwatin amsar, ka shiga Animations, wurin sa wa rubutu motsi, ka ɗauki Appear, ka tabbata a gurbin Start an bar shi a On Click. Shi ke nan. Latsa F5 ka gani: tambaya na tsaye ita kaɗai, sai ka taɓa linzami ko maɓallin kibiya 1804 ta bayyana.

Muka ƙara tambaya ta biyu a saman ta farko, shekarar da Turawa suka ci Sakkwato, sai 1804 ta riga 1903 fitowa. Yaron ya ce, "Yaya, ta rikice." Ba ta rikice ba, bin jerin da ka saka ta take yi. Buɗe Animation Pane ka ja kowace amsa zuwa matsayinta. In kuma 'yan aji ne za su zaɓi tambayar da za a fara da ita, akwai Trigger, wanda ke ɗaure kowace amsa da tambayarta, ba ta fitowa sai an latsa tambayar. A manhajar Google Slides ma akwai irin dabarar farko ta On Click, ƙarƙashin Insert.

Shawarata, ku tsaya a Appear ko Fade. Rubutu mai juyi da tsalle kamar ɗan akuya dariya kawai yake jawowa.

Ni abin da ya kunyata ni daban ne. Na kwana ina shirya amsoshi, da safe na mayar da aikin PDF don ya yi sauƙin turawa. PDF ba ya ɗaukar motsi. Ina buɗewa a gaban aji, ga tambaya ga amsa reras, ni kuma ina ta cewa wa zai gaya mana. Saboda haka ku bar shi a asalin fayil ɗinsa, ku isa ɗakin da wuri ku gwada a kwamfutar da ke haɗe da majigin.

Kafin ya tafi na sa shi ya gabatar mini. Yana gama tambaya ya latsa. Na ce ya sake, wannan karon ya ƙirga biyar a zuci tukuna.