Yadda Ake Haɗa Taswirar Bin Tseren Dakar a Waya

Tseren Dakar, gasar motoci da babura a cikin hamada, ya bar Afirka tun bayan soke na 2008, ya zauna a Kudancin Amurka, daga 2020 kuma ya koma Saudiyya, inda ake yin sa kowane Janairu. Duk da haka a majalisun ataya na Nima da Mamobi, unguwannin Accra, akwai masu bibiyarsa, musamman 'yan okada da makanikai. Matsalarsu ɗaya: ana kiran sunayen zangunan tseren, Bisha, Ha'il, Shubaytah, ba su san gabas da yammansu ba. Taswira ce maganin wannan, kuma kyauta za ka haɗa ta.

Fara da haɗa jadawali a Google Sheets. Kowane zango layi ɗaya: sunan gari, ranar isowa, kilomitocin wannan rana, sai latitud da longitud, wato lambobin da ke nuna inda wuri yake a taswira. Lambobin nan biyu za ka same su in ka danna wurin a Google Maps ka riƙe yatsa. Ka kula da jerinsu. Riyadh tana wajen 24.7 da 46.7, in ka juya su, alamarka za ta faɗa ƙasar Romaniya, yaran majalisa su yi ta maka dariya.

Sai ka buɗe Google My Maps a kwamfuta, don gyara a waya wahala ce. Shigo da jadawalin, ka nuna masa ginshiƙan lambobin, alamomi za su fito da kansu. Shimfiɗa (wato rukunin alamomi) goma yake bayarwa, amma uku sun isa: zangunan kwana, ranar hutu, da wuraren da aka yi abin magana, kamar inda mota ta kife ko babur ya nutse cikin yashin Rub'ul Khali.

Kada ka zana hanyar da ba ka sani ba. Masu shirya tseren ɓoye ta suke yi, direbobin ma sai dab da tashi ake ba su littafin hanya, domin nemo hanyar na cikin gasar. Ja miƙaƙƙen layi daga zango zuwa zango, ka rubuta ƙarara cewa ƙiyasi ne kawai. Na fi son wannan da layi mai lanƙwasa da mutum ya ƙirƙiro don ya burge. Haka nan taswirarka ba za ta nuna motoci suna tafiya ba. A cikin kowace alama sa adireshin shafin tseren, inda lokutan direbobi ke fitowa kai tsaye.

Lokaci kuwa, rubuta da agogon Gana. Saudiyya na gabanmu da awa 3, wato masu babur kan kama hanya tun ba a kira asuba a Accra ba.

Hoto ɗaya a kowace alama ya wadatar, data tsada take. Buɗe taswirar ga duk mai adireshinta, ka gwada a tsohuwar wayar wani kafin ka tura zauren WhatsApp. Kullum bayan isha'i ka canza launin zangon da aka wuce, ka ƙara sunan wanda ya ci ranar.