Zoɓo, kanwa da lemun tsami: yadda nake koya wa yara asid da alkali

Duk ranar da na rubuta "alkali" a kan allo, sai wani yaro ya ɗaga hannu: "Malama, alƙalin kotu?" Ajin ya kwashe da dariya. Nakan bari su gama, sannan in gaya musu kalmar daga Larabci ta fito, kuma asalinta tokar tsirrai ce, irin wadda iyayensu ke tatsa su sami ruwan toka. Daga nan darasin ya sauko daga littafi ya shiga madafa, inda ya fi zama daram. Yaron da ya ga innarsa ta jefa kanwa a miyar sure don ta kashe tsami ya riga ya ga asid da alkali suna faɗa, sunan kawai bai sani ba.

Makarantarmu da ke Mabera a Sakkwato ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, balle takardar litmos da ake gwada asid da alkali da ita. Kayan aikina duk daga Tsohuwar Kasuwa nake sayo su: busasshen zoɓo, kanwa, lemun tsami, tsamiya, kurkum, da garin sabulun wanki. Toka kuwa murhu ke ba ni kyauta. Sai kofunan roba masu garai-garai guda shida, waɗanda ake hango abin da ke ciki.

Tun da dare za ki jiƙa zoɓo cikin tafin hannu ɗaya a ruwan zafi, ki tace da safe. Kada ki sa citta, kanumfari ko sukari, ba na sha ba ne. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ki tsinka shi da ruwa sosai, har ya zama ja mai haske da za ki iya ganin yatsanki ta bayan kofin. Karon farko da na gwada, na dafa shi da kauri kamar na sayarwa. Na zuba ruwan kanwa ina jiran a yi tafi, kofi ya tsaya baƙi ƙirin kamar ba a taɓa shi ba, yara arba'in suna kallona. Dalili biyu ne: duhun ya ɓoye canjin, kuma zoɓo shi kansa asid ne, mai kauri sai ya sha kanwa da yawa kafin ya sauya.

Ki raba zoɓon daidai a kofunan, ki ware ɗaya ba a taɓa shi, da shi za a riƙa kwatantawa. Sauran abubuwan kowanne a jiƙa shi daban a tace. Toka tana son ta kwana ta kwanta, ki tsiyaye ruwan sama. Kafin a zuba komai, kowane yaro ya faɗi launin da yake zato, a rubuta a allo. Wannan cankar ita ce rabin darasin, don wanda ya canka ba ya ɗauke ido daga kofi.

A fara da lemun tsami da tsamiya. Jan zai ƙara haske kaɗan, ba wani abin a zo a gani ba. Sai kanwa, cokali-cokali, yaro ɗaya na zubawa ɗaya na juyawa. Jan zai dushe ya koma shunayya, ya yi duhu, in aka ci gaba ya karkata zuwa kore. Toka da sabulu su ma can suke ja. Abin da ke sauya launin wani sinadari ne a jikin zoɓon mai suna antosayanin, shi ne kuma ke cikin ɓawon jar albasa da jan kabeji.

Wurin da na fi so shi ne komawa baya. Ki ɗauki kofin da ya yi kore ki matsa masa lemun tsami ɗigo-ɗigo. Zai yi kumfa yana ɗan tsiyi, iskar kabon dayokzaid ce ke fita daga kanwar, sannan jan ya dawo. Wata yarinya ta taɓa cewa, "Malama, ashe abin da Inna ke yi wa miya ne aka juya." Ban ƙara mata ko kalma ba.

Sai bayan sun gani da idonsu nake kawo ma'aunin pH. In ja layi a ƙasa daga 0 zuwa 14, ruwa tsantsa a 7, asid ƙasa da bakwai, alkali sama da shi, ruwan lemun tsami wajen 2. Su jera kofunan a kan layin da kansu, su yi ta gardama kan ko toka ce gaba ko kanwa. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Sorensen, shi ya ƙirƙiro ma'aunin a 1909, amma ba na tilasta wa kowa haddace wannan.

Kurkum na ajiye wa ƙarshe. Shi bai damu da asid ba, rawaya yake zama, alkali ne kawai ke mai da shi ja. A dama shi da ruwa a shafe farar takarda, a shanya. A zafin Sakkwato minti kaɗan ta bushe. Yaro ya tsoma alƙalamin kara a ruwan sabulu ya rubuta sunansa, sunan ya fito ja. A bi rubutun da lemun tsami, ya ɓace. Ki dai gargaɗe su, kurkum in ya kama farar rigar makaranta, iyaye ke za su nema.

Doka ɗaya ba na sassautawa: ba a ɗanɗana komai, ko da zoɓon ne, kuma hannun da ya taɓa toka ko kanwa ba ya zuwa ido sai an wanke. Ruwan batir da sodar da ake haɗa sabulu da ita ba sa shigowa ajina, suna ƙona fata. Bilic ma ki bar shi a gida. Cinye launin yake yi gaba ɗaya, kuma in ya haɗu da asid yana fitar da iska mai guba.